Gilashin Auta

A gidanmu akwai kalmar da ba a faɗinta da garaje, ita ce “babu”. Idan Inna ta aike ni ɗaki in ɗauko mata almakashi, na leƙa na dawo na ce babu, Baba ko ɗago kai daga rediyonsa ba zai yi ba, sai dai ya ce, “Uwata, babu ne, ko ba ki gani ba?” Ni kuwa tun ina ƙarama Allah bai ba ni haƙuri ba. Sai in koma ina buga ƙafa, in ɗaga matashi, in tarar da almakashin kwance yana jirana. Tambayar nan ta fi bulala ɓata mini rai, don ita bulala ana yi a gama.

Uwata yake kirana saboda sunan mahaifiyarsa aka sa mini. Inna kuwa, da yake ni ce ’yar fari, kuma kunyar Fulani ba ta sake ta ba duk da a cikin garin Bauchi aka haife ta, ba ta taɓa kama sunana ba. “Ke” ce ni, in na yi abin kirki kuma “yarinyar nan”.

Aikin Baba awon jini ne, a wani ɗan asibiti da ke hanyar Zungur. Mutanen ƙauyukan wajen suna kiransa Likita, shi kuma kullum sai ya gyara musu, su kuma kullum sai su maimaita. Lokacin hutun makaranta yakan goya ni a babur mu tafi tare, don Inna ta ce in na wuni a gida sai kanta ya yi ciwo. Ɗakin aikinsa bai fi rumfar mai shayi girma ba. Akwai tebur a jikin taga, da kwalaben rini, da madubin awo, wato maikiroskof, baƙi mai nauyi wanda fentinsa ya goge a inda hannun Baba yake kamawa. Madubin awon ba ya amfani da wutar lantarki. Wani ɗan madubi ne a ƙasansa, da shi Baba yake tarar hasken rana ya cilla shi sama ta cikin gilashin da aka shafa wa jini.

A kan cinyarsa na fara ganin jinin mutum. Ya nuna mini cewa na’urar tana da idanu, kuma dole ka zaɓa. Ƙaramin ido yana nuna maka fili mai faɗi, amma komai dishi-dishi, kamar ka hau dutse kana hangen kasuwa: ka ga taro, ba ka gane fuskar kowa. Babban ido, wanda sai an ɗiga masa mai, yana nuna maka komai tar, amma da’irar da kake gani ƙanƙanuwa ce ƙwarai. Wannan da’ira ita Baba yake kira gona. A cikinta ake neman ƙwayar zazzaɓin cizon sauro, wani ɗan zobe shuɗi mai ɗigon ja, ɓoye a cikin ƙwayar jini. Ƙa’idar aikin ita ce ka zaga gona ɗari kafin ka ce wani abu. In ka gama ba ka ci karo da zoben ba, abin da za ka rubuta shi ne “ba a gani ba”.

Na tambaye shi me ya sa ba za a rubuta babu a huta ba.

Ya ce, “Gona ɗari na zaga. Gonakin da ke kan gilashin nan ko shekara na yi ba zan gama su ba. Wa ya gaya mini abin da ke cikin waɗanda ban taka ba?”

Wani lokaci in ya yi shakkar abu sai ya ɗan karkata madubin ƙasa, hasken ya shigo ta gefe, sai gefunan ƙwayoyin su taso kamar an zana su. Yakan bar ni in yi wasa da madubin in babu layi a waje.

Mu biyu ne a wurin iyayenmu, ni da ƙanena. Auta muke ce masa tun kafin a san lallai shi ne autan. Yaro ne mai ƙiba da dariya, mai son bin kaji, kuma duk abin da na ajiye sai ya sa a baki. Ina firamare, cikin wata damina, zazzaɓi ya kama shi. Baba da kansa ya soki ɗan yatsansa da sassafe, ya shafa jinin a gilashi, ya tafi da shi wurin aiki. Da azahar ya dawo ya ce wa Inna ba a gani ba. Likitan da ya duba yaron ya bi takardar awon, ya ba da maganin wani ciwon daban. Zazzaɓin bai sauka ba, sai ma jijjiga da ta biyo baya, kuma kafin mako ya zagayo Auta ya rasu. Ko hotonsa ba mu da shi. An yi shawara za a kai mu wurin mai hoto da babbar sallah, sallar ta zo babu shi.

Abin da na lura da shi a lokacin, da hankalina na yarinta, shi ne Baba ya daina yi mini tambayarsa. Sai in ce babu, ya ci gaba da sauraron rediyonsa. Har murna na yi. Sai da aka yi shekaru kafin tambayar ta dawo bakinsa, kuma ko da ta dawo ba ta da zolayar da take da ita a da.

Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, amma ni ban bi asibiti ba, don warin magani yana tayar mini da zuciya. Kimiyyar haske na karanta, na ƙare ina koyarwa a jami’ar da ke Gubi. Sai ga shi aikin binciken da na zaɓa ya mayar da ni kan matsalar nan ta teburin Baba, wato yadda za a ga fili mai faɗi kuma a ga komai tar, ba sai an zaɓi ɗaya ba. Masana a wasu ƙasashe sun riga sun nuna hanyar. Nawa aikin shi ne in haɗa irinta da kayan da hannunmu zai iya kaiwa, a ɗakin da wuta take zuwa in ta ga dama. Na sha wahala, na sha faɗa da masu gyaran sola, na sha kuka a ɓoye a cikin keke mai ƙafa uku a hanyar komawa gida. Amma ta yi.

A cikin waɗannan shekarun ne idon Baba ya fara tafiya. Ya riga ya yi ritaya. Ciwon ba irin na yanar ido ba ne da ake cirewa. Tsakiyar ganinsa ce ta mutu, gefe ya rage. Duk abin da ya kalla kai tsaye sai ya ɓace masa, in yana son ganin fuskarka sai ya kau da kai kamar mai kallon wani abu a bayan kafaɗarka. Baƙi sukan ɗauka wulaƙanci ne. Dangi suka ce madubin awo ne ya cinye masa ido, likitan ido ya ce tsufa ne, Baba ya ce duk wanda ya ba shi aron idon shi ne ya karɓi abinsa. Bai taɓa yin ƙorafi a gabana ba. Ni ce nake jin haushi a madadinsa, har in rasa wanda zan yi wa masifa.

Wata Juma’a na je gaishe su, muna zaune a inuwar mangwaron tsakar gida, bakina ya ƙi yin shiru a kan na’urata. Na ce masa ƙaramin ido nake sawa, wanda yake ganin fili mai faɗi. A ƙasa, inda ɗan madubinsa yake zama, na shimfiɗa faranti mai ƙananan fitilu irin na tocila, jere a layi-layi. Ana kunna su ɗaya bayan ɗaya, kowace tana haska gilashin daga nata ɓangaren, kyamara tana ɗauka.

Ya ce, “To me hasken gefe zai ƙara miki?”

Na ce, “Haba Baba, kai za ka tambaye ni? Wa yake karkata madubi?”

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Inna, wadda take tsince shinkafa kamar ba ta jinmu, ta ce ai duk macen da ta taɓa shara da sassafe ta san wannan, rana in tana ƙasa-ƙasa ko sawun tururuwa sai ta nuna, in ta take tsaka kuwa sai tsakar gida ta yi kamar an share.

Na ci gaba da bayani. Hotunan da kyamarar take ɗauka, kowane shi kaɗai ba shi da amfani, wasu ma kusan baƙi ne ƙirin. Amma kowane yana ɗauke da wani ɗan labari da sauran ba su da shi. Kwamfuta sai ta yi hasashen yadda ainihin abin yake, ta gwada hasashen da hoton farko, ta gyara, ta gwada da na biyu, ta gyara, ta yi ta zagayawa har sai ta sami sura ɗaya da duk hotunan suka yarda da ita.

“Wato shaidu kike tarawa,” in ji shi.

“Shaidu ne, Baba. Kuma kowane sai maganarsa ta haɗu da ta maƙwabcinsa.”

“Gona nawa take ci a tashi ɗaya?”

Na ce masa ba a maganar gona ɗari kuma. In na matsa gilashin sau kaɗan na ɗinke hotunan, sai jinin da ke kansa ya fito gaba ɗaya, daga wannan baki zuwa wancan, kuma duk inda ka so ka kusanto da shi ka ga ƙwaya ɗaya-ɗaya.

“Har gefe-gefe?”

“Har gefe-gefe.”

“In rinin ya koɗe fa? Gilashin da ya daɗe?”

Na ce ko launi ya tafi, lissafin yana fito da kaurin abu da siffarsa, kuma baƙin dattin da ƙwayar take bari a cikin jini ba ya koɗewa. Daga nan ya bar maganar. Ya juya kai yana kallon bangon gida, wanda na san ni yake kallo. Na ɗauka gajiya ce.

Da zan tafi Inna ta raka ni zaure, abin da ba ta saba ba. Ta tsaya tana gyara mayafi, ba ta kalle ni ba, ta ce, “Ke, kin tono abin da ya kwanta.” A nan ta gaya mini abin da ban sani ba duk tsawon rayuwata. Gilashin Auta yana nan. Baba ya rufe shi da siririn murfi ya like, ya naɗe a farin ƙyalle, ya sa a ƙasan akwatinsa. Duk damina, in an tashi daga aiki, sai ya fito da shi ya ci gaba da zaga gonakin da bai taka ba. Yana yi yana mantuwar inda ya tsaya, yana sake farawa, har ya bar aiki, idon ma ya ƙare, bai gama ba.

Ta ce, “Na gaya masa kwanan yaron ne ya ƙare. Ya ce ya sani, ya yarda da ƙaddara, amma ƙaddara daban, amana daban. Na ce jinin mutum ne, a binne shi. Ya ce sai ya gama.”

Na hau keke na kama hanya. Duk hanyar Gubi abu ɗaya nake juyawa a raina. In zoben yana nan, to mahaifina ya duba jinin ɗansa bai ga abin da ya kashe shi ba, kuma na’urar da nake taƙama da ita ce za ta gaya masa. Har na fara addu’ar Allah Ya sa kar ya tambaya.

Ya tambaya. Juma’ar da ta biyo baya, ko gaisuwa ba mu gama ba ya ce, “Uwata, ina da gilashi. Za ki duba mini?” Na ce ya ba ni in je in duba in kawo masa labari. Ya ce a’a, ƙafarsa ƙafata. Ya san ni sarai.

Ranar Asabar da hantsi, lokacin da ɗalibai ba sa nan, na ɗauko shi. Ya sa farar rigarsa ta zuwa ɗaurin aure. Aikin yana son duhu, don haka na rufe tagogi da barguna, na kunna majigi don hoton ya fito a bango da girma. Ya zauna a kujerata, ya zaro ƙyalle daga aljihu, ya warware, ya miƙo mini gilashi yana riƙe da shi ta gefe, yadda ya koya mini. Babu rubutu a jikinsa. Jinin ya koɗe ya koma kamar tabon shayi.

Na ɗora shi. Fitilun suka fara kamawa ɗaya bayan ɗaya, daga tsakiya suna yin waje. Baba ya karkata kai yana bin su da gefen ido.

“Kamar masu wasan wuta,” in ji shi.

Kwamfutar tawa ba ta sauri. Muka zauna muna jiranta, hoton yana washewa a hankali. Shi yana jan carbi, ni ina cizon farce. Da ya gama fitowa na fara bin sa tun daga baki, ina kusantowa, ina matsawa. Na rubuta wa kwamfutar wani tsari da yake sa alama a duk inda ya yi zargi, na fara bin alamomin. Na farko datti ne. Na biyu tsagewar rini ce. Ban yi nisa ba na gan shi.

Zobe ne, ba tantama. Launinsa ya tafi, amma ga da’irar, ga ɗan ƙullin a gefe, zaune a cikin ƙwayar jini kamar yadda na fara ganinsa a kan cinyar Baba. Can gaba kaɗan ga wani, ya fi girma, da baƙin dattinsa a ciki.

Hannuna ya tsaya a kan kwamfutar. Baba bangon yake fuskanta kai tsaye, don haka ba ya ganin komai. In na matsa hoton na wuce, har abada ba zai sani ba. Wallahi na yi tunanin yin haka, kuma ban ji kunyar tunanin ba. Tsoho ne, makaho saura kaɗan, me gaskiyar za ta ƙara masa? Amma bakina ya ƙi. A gidan da aka hana ni cewa babu a kan almakashi aka raine ni.

Na ce, “Baba, akwai.”

Ya ce, “Ƙara masa girma.” Na ƙara har zoben ya kai faɗin faifai. Ya juya fuskarsa wajen ƙofa, ya daidaita gefen idonsa, ya daɗe a haka. Rabonsa da ganin ƙwayar nan tun kafin ya bar aiki. Sai na ji ya yi wata ’yar dariya.

“Kai ne? Har yanzu kana nan, ɗan banza?”

Na kalle shi, hawaye na zuba, na rasa gane kansa.

Ya ce, “Share hawayenki. Wannan ba na Auta ba ne. Na wani manomi ne, a daminar nan ɗaya, da rini ɗaya na rina su. Ƙwayoyin cikinsa kaɗan ne, sai da na sha wuya na gan su, shi ya sa na ajiye ina koyar da sababbin ma’aikata. In na’urarki ba ta gan su ba, me zan yi da shaidarta a kan ɗana?”

Raina ya ɓaci har na miƙe tsaye. Na ce, “Baba, na’urar ka gwada ko ni?”

Ya ce, “Duka. Ba a yarda da ma’auni sai an auna shi. Zauna, Uwata. Allah Ya yi miki albarka.”

Ban zauna nan da nan ba. Sai da na fita na tsaya a baranda ina kallon shanu suna gangarawa wajen dam, na gama fushina, sannan na dawo. Na tarar ya fito da gilashi na biyu daga aljihun ƙirjinsa, ya ɗora a tafin hannu. Wannan a jikinsa akwai ɗan rubutu da fensir, da hannunsa na lokacin ƙuruciya. Ban karanta ba, na san abin da aka rubuta.

Ɗaukar hoton bai wuce yinin nan ba. Dubawar ce ta ci mu kwanaki, don Baba ya ce bai yarda a bi alamomin kwamfuta kaɗai ba, sai an taka kowace gona. Kullum da hantsi nakan ɗauko shi, mu rufe tagogi, mu tashi daga inda muka tsaya. Wannan karon babu mantuwa, don duk inda muka wuce kwamfutar tana shafa masa launi. Ni nake matsawa ina dubawa, in na ga abin da ya tsaya mini a rai in ƙara masa girma, shi kuma ya kau da kai ya duba. Ya ce datti ne, wuce. Ya ce ƙurar rini ce, wuce. Wani lokaci sai ya daɗe yana dubawa, sannan ya ce wuce. Ni da ba na iya jiran ruwa ya tafasa, ban taɓa ce masa mu yi sauri ba.

A tsakanin gonakin ne ya fara yi mini hirar Auta, abin da bai taɓa yi ba. Yadda yake kiran babur “bubu”. Yadda ya ƙi yin kuka da aka soki yatsansa, ya tsaya yana kallon jinin da mamaki. Ya ce a ranar ba gona ɗari ya zaga ba, ya ninka ya sake ninkawa, amma rabin hankalinsa yana gida wajen yaron, kuma shi ya sha gaya wa yaransa na aiki kada mutum ya duba jinin nasa. Babu wani mai awo a kusa, shi ya sa ya karya dokar kansa.

Ranar da ya rage mana ɗan yanki a gefen ƙasa, na je ɗaukarsa na tarar da Inna ta sa mayafinta na fita tana zaune a zaure. Ba ta taɓa zuwa wurin aikina ba. Ta tashi ta biyo mu, mu kuma ba mu tambaye ta ba. Da muka shiga ɗakin na kunna majigi, na fara nuna hoton gaba ɗayansa kafin in kusanto, ya cika bango. Ta tsaya a tsakiyar ɗaki tana kallo.

“Wannan shi ne?”

Na ce, “Shi ne, Inna.”

Ta matsa ta ɗora tafin hannunta a bangon, ƙwayoyin jinin suka hau bayan hannunta. Ta daɗe a haka. Sannan ta ce, “Ashe dai ya sami hoton,” ta koma kusurwa ta zauna a kan tabarmar sallata.

Muka ci gaba. Gefen gilashi shi ya fi datti, alamomin zargi suka yi yawa, kowace sai Baba ya duba ta. Wuce. Wuce. Ana kiran azahar a masallacin jami’a lokacin da na matsa hoton na ga jini ya ƙare, sai farin gilashi. Na koma na duba taswirar, ko’ina ya shafu da launi, babu inda muka tsallake.

Na ce, “Baba, mun kai ƙarshe.”

“Me kika samu?”

Na ba shi amsar da ya koya mini, yadda ake rubuta ta. Na ce, “Ba a gani ba.”

Carbin ya tsaya a hannunsa. Ya juya kansa wajen taga don ya ga fuskata.

“Akwai gonar da ba mu taka ba?”

“Ko ɗaya.”

“Har gefe-gefe?”

“Har gefe-gefe, Baba.”

Ya ce, “To wannan kalmar ni ma na faɗe ta tun ranar, ba ta bar ni na yi barci ba. Faɗa mini ɗayar, Uwata.”

Na durƙusa a gabansa, na kama hannunsa. Na san ɗigo ɗaya ne na jini, na san abin da malaman aikin za su iya cewa a kan ɗigo ɗaya, shi ma ya fi ni sani. Amma abin da aka ba shi amana ya duba a safiyar nan, wannan ɗigon ne, kuma mun gama shi.

Na ce, “Babu, Baba. A gilashin nan babu.”

Ban taɓa ganin mahaifina yana kuka ba, ko ranar da aka fita da Auta. Ya yi shi a hankali, kafaɗunsa suna rawa, yana ta maimaita alhamdu lillahi. Inna ba ta taso ba, ta ja mayafi ta rufe fuska, daga ciki ta ce, “Malam, ai na gaya maka.”

Da ya natsu ya ce in ciro masa gilashin. Na ciro, na sa masa a hannu. Ya goge shi da bakin rigarsa, ya naɗe a farin ƙyallen, ya miƙe yana lalube har inda Inna take zaune. Ya kau da kai gefe don ya gan ta sosai, ya miƙa mata da hannu biyu.

“Ga shi,” in ji shi. “Na gama. A binne.”